Kwaltar da Kawu Ya Sa Aka Shafa

A gidanmu ba a sayen mota sai da Kawu. Ba wanda ya taɓa faɗin haka da baki, amma daga babur ɗin Yaya har motar da Abba yake lallaɓawa zuwa aiki, babu wadda ta shigo gidan ba tare da Kawu ya sa mata albarka ba. Yadda yake duba mota kuwa abin kallo ne. Zai zagaya ta hannu a baya, ya shuri taya da ƙafa, sannan ya sa a tayar da inji, ya karkata kai kamar mai jin gulma ta taga. Idan fenti yana ƙyalli, inji bai yi tari ba, sai ya ce a biya. Motocin da ya zaɓa mana sun fi sanin hanyar gareji a kan hanyar gida, amma wannan ba a faɗa, domin wan Umma ne.

Ni kuwa injiniyanci na karanta, fannin injina, kuma na fito da sakamakon da Abba ya sa a gilashi ya rataye a falo. A can aka bar shi. Idan famfo ya lalace a gida Yaya ake kira, shi da ya karanta tarihi.

Tun muna makaranta, da aka tura mu aikin gwaji bayan gari, motarmu ta kafe a laka har ƙofa. Wata tsohuwar jif ce ta fitar da mu, irin ta da, mai kusurwa kamar akwati, mai ƙaramar giya ta biyu da ke sa tayoyi huɗun duka su ja. Ko gumi ba ta yi ba. Daga ranar na ƙudura sai na mallaki irinta, na warware ta noti bayan noti, na mayar da ita da hannuna. Da na fara aiki a kamfanin famfunan rijiya, na yi ta tari shiru, sai da na ga zan iya sannan na faɗa a gida.

Umma ta tambaye ni ko sababbin motocin sun ƙare ne a duniya. Yaya ya ce shi ya san masu sayen tsohon ƙarfe, idan na gama zai haɗa ni da su, ba zai karɓi la'ada ba. Abba ne ya daɗe yana kallona, sannan ya ce zai ba ni rumfar bayan gida.

"Amma mota ɗaya," ya ce. "Ba zan mayar da gidana makabartar ƙarfe ba. Wadda kika shigo da ita, ita ce taki. Idan ta zama gawa, a fitar da ita, a rufe maganar."

Na ce na ji. Na kuma ce ni zan zaɓa da kaina. Kowa a falon ya juyo ya kalle ni, kamar na ce zan yi wa kaina tiyata.

Duk wanda ya san tsohuwar jif ya san ba a sayenta don fenti, ba a ma sayenta don inji. Inji ana gyara shi, jiki ana bugunsa. Abin da ake saya shi ne shasi, wato ƙashin ƙarfen nan da mota take zaune a kai: dogayen ƙarafa biyu daga gaba zuwa baya, da gajeru da suka haɗa su. Idan tsatsa ta cinye shi daga ciki, to ba mota ka saya ba, keji ka saya wa kaji. Don haka kayan aikina tocila ne, da sukudireba, da ɗan maganaɗisu, da kwalin da nake shimfiɗawa in shiga ƙarƙashi.

Dillalin da na samu kowa Lafiya-lau yake kiransa, saboda bai taɓa ganin motar da ba lafiya lau take ba. Ya kai ni wajen wata ja mai ƙyalli kamar an fito da ita daga leda. Na manna maganaɗisu a ƙofarta ya faɗo ƙasa, don abin da ke ƙarƙashin fentin ya fi kusa da siminti a kan ƙarfe. Lafiya-lau ya ce maganaɗisun ne ya tsufa. Ya kai ni wajen wata da ya rantse tsohuwa ce take zuwa kasuwa da ita kawai. Na shiga ƙarƙashi na ga sararin sama ta cikin ƙasan motar. Ya ce ai hakan ma ya fi, iska tana shiga. Duk inda muka je sai maza su taru suna kallon ƙafafuna a waje, suna tambayarsa ko mijin Hajiya ba shi da lafiya ne. Na bar su da tambayarsu.

Mun daɗe muna wannan yawo kafin ya kai ni gidan wani tsohon likitan dabbobi. Tana can ƙarshen tsakar gida, ƙarƙashin wata rumfar kwano, koriya ce da rana ta mayar ruwan toka. Tayoyinta sun sace, ciyawa ta fito ta kewaye ta. A kujerar baya har da tsohuwar igiyar ɗaure shanu. Ba wanda ya taɓa mata fenti tun da ta zo duniya, kuma maganaɗisuna ya kama ko'ina ƙam. Tsohon ya tayar da ita, ta yi tari, ta yi hayaƙi, ta tsaya da ƙafarta. Ya ce gwiwoyinsa sun daina jituwa da kuloci, kuma ƙarshen wata zai koma gidan ɗansa, inda ba wurin ajiye ta.

Saboda tayoyin sun zauna, kaina kawai ya iya shiga ta gaba. Abin da na gani shi nake nema: ƙarfe tsirara, da 'yar tsatsa ta sama wadda buroshi zai share. Na ce wa tsohon zan dawo ƙarshen mako da jak, in ga sauran.

Da na koma gida Umma ta ga fuskata ta tambaya, na faɗa mata. Kafin in wanke hannu labari ya isa wajen Kawu.

Ranar da na dawo da jak a bayan tasi, tun daga ƙofar gida wari ya tarbe ni, irin warin titi sabon gini. An hura tayoyi, an nome ciyawa, an wanke jif ɗin. Kawu yana zaune a kujera kusa da tsohon, suna shan shayi kamar tare suka yi firamare. Na durƙusa na leƙa. Daga gaba har baya an shafe ƙarƙashinta da baƙar kwalta mai kauri, tana sheƙi.

Ashe Kawu ya nemi Lafiya-lau, ya zo da kansa ya gaida tsohon. Ya ce masa 'yar ƙanwarsa mai digiri ce, 'yar gidan mutunci, bai kamata a bar ta tana birgima a ƙarƙashin tsatsa ba, kuma kaya in za a sayar ai gyara shi ake yi. Tsohon ya ji kunya. Ya kira masu aiki, suka yi mata kwalliyar amarya daga ƙasa. Shi ya biya, Kawu ya tsaya a kansu ya tabbatar ba su bar ko kusurwa ɗaya ba.

"To, Injiniya," Kawu ya ce, yana murmushi. "Yanzu ko da fararen kaya kika shiga ba abin da zai same ki. Ki gode wa Baba."

Na gode wa Baba. Na gode wa Kawu ma, don an yi mini tarbiyya. Sannan na ce ba zan iya sayen abin da ban gani ba, ina roƙon a bar ni in kankare kwaltar.

Kofin tsohon ya tsaya a hanya. Ya tambaye ni ko ina nufin wani abu ya ɓoye. Ya ce ya yi shekaru yana shiga garken mutane, ba a taɓa cewa ya ba dabba ruwa da sunan magani ba, sai yau da furfurarsa. Kawu ya ce karatun boko ne, haka yake musu, a yi haƙuri. Na ce, "Baba, ban ce ka ɓoye komai ba. Kai ma ba ka san abin da ke ƙarƙashin ba yanzu. Da saniya ce aka kawo maka an lulluɓe ta da bargo, za ka ce lafiyarta lau?"

Bai yi dariya ba. Ya daɗe yana juya cokali, sannan ya ce in kankare in ina so, hannuna ne. Amma ba zai ajiye mini ita ba. Duk wanda ya zo da gaske kafin ya tashi, shi zai ba.

Kwalta ba a kankare ta da fushi, na gwada. Sai an jiƙa ta da kananzir, a jira ta yi laushi, a bi ta da ƙarfe mai faɗin baki kaɗan-kaɗan, sannan buroshin waya. Duk abin da ka cire kuma a fuskarka yake sauka, don kana kwance ne yana samanka. Kullum na tashi daga aiki sai in wuce can, in sauya kaya a bayan ƙofar kicin ɗin matar gidan, in ɗaure kaina da tsohon ɗankwali, in shiga. Ina fitowa idan hasken rana ya daina isa ƙarƙashi. Ranakun hutu kuwa tun da safe.

Hannuwana suka tsattsage. Kananzir ya shiga tsagar ya zauna. Ƙarƙashin farcena ya yi baƙin da sabulu ya gaza, har wata a ofis ta tambaye ni cikin tausayi ko an yi mana gobara. Wuyana ya ƙage, idan aka kira ni sai in juyo da dukkan jikina kamar ƙofa. A gida Umma ta hana ni zama a kujerun falo. Gwaggo ta zo takanas ta gan ni, ta kama tafin hannuna ta duba, ta ce wa Umma wannan ko gaisawa aka yi da ita sai an nemi magani. Yaya kullum da safe yana tambayata yaya jikin mara lafiya, ko za a fara sanar da dangi. Kawu ya daina amsa gaisuwata da kyau. Ya ce wa Umma ya kashe lokacinsa ya rufa mini asiri, ni kuma na je ina tonawa da cokali.

Babu wanda na mayar wa magana. Ba haƙuri ne ya yi mini yawa ba, bakina ne ya gaji.

Tsohon kuwa kullum yana kan kujerarsa da jarida, bai ce mini ci kanki ba. Matarsa ce take turo mini ruwa a kofi da ƙafar tsintsiya, don ba ta iya sunkuyawa. Sai can wata rana, ina goge ƙarfen gefen dama, na ji muryarsa daga sama yana cewa wannan lanƙwasar da nake gani dutse ne ya buga a wani rafi, yana sauri zuwa wajen saniyar da haihuwa ta zo wa a juye. Na tambaye shi ko saniyar ta rayu. Ya ce ta rayu, ɗan maraƙin ma. Ya koma jaridarsa.

Dogon ƙarfen dama ya fito tas daga gaba har baya. Na buga shi, na soke shi da sukudireba, ko gezau. Na koma na hagu. Gaba lafiya, tsakiya lafiya. Na fara jin wani daɗi da na hana kaina nunawa. Sai da na zo wajen da sifirin ɗin tayar baya yake kamawa, na danna sukudireba kamar yadda nake yi ko'ina, ta shige har mariƙi, kamar cikin burodi.

Na daɗe kwance ina kallonta a tsaye a cikin ƙarfen. A raina na ji muryar Yaya, na ji ta Gwaggo, na ga masu sayen tsohon ƙarfe suna shigowa gidanmu da sikeli. Sannan na zare ta, na ci gaba da sokawa a kewaye, ina faɗaɗa ramin da kaina, har na isa inda ƙarfe ya ƙi. Bai wuce tafin hannu ba. Laka ce ta taru a wurin shekara da shekaru tana riƙe ruwa. Na zagaye shi da alli. Irin wannan ana yanke shi a dasa sabon ƙarfe, idan mai walda ya san aikinsa kuma an tsaya a kansa. Saura mini guntun ƙarfe na can baya, wanda ya haɗa dogayen biyu. Shi kaɗai ne har yanzu yake cikin kwalta.

Ina nan ƙarƙashi na ga takalma biyu sun shigo. Ɗaya na Lafiya-lau ne, na san shi da cinyayyen dunduniya. Ɗayan kuwa baƙi ne mai ƙyalli, irin wanda bai taɓa gaisawa da laka ba. Na ji Lafiya-lau yana cewa Alhaji ya duba da kyau, irin wannan ba a ƙera ta yanzu, gobe ma zai iya shiga gonarsa da ita. Aka tayar da inji a kaina ba tare da an ce in fito ba. Mai baƙin takalmin ya ce ta yi masa, a yi magana.

Na turo kwalina na fito. Mutumin ya ja da baya, ya tambaya ko ni ce mai wankin. Lafiya-lau ya ce 'yar gida ce, tana ɗan taimakawa. Sai idon mutumin ya faɗa kan allin da ke leƙowa ta bayan taya. Ya tambaya wannan zanen na mene ne. Lafiya-lau ya kafe ni da ido yana wani ƙifce-ƙifce.

"Rami ne," na ce. Na durƙusa na zura yatsuna huɗu a ciki, na motsa su ta ɗaya gefen don ya gani da kyau.

Mutumin ya ce shi ba ya sayen motar da ake gaisawa ta cikinta. Ya kaɗe rigarsa da ba abin da ya taɓa ta, ya fita. Lafiya-lau ya bi shi yana rantsuwa cewa duk irinsu da ramin ake yin su, don ruwa ya riƙa fita. A bakin ƙofa ya juyo ya ce mini, "Hajiya, Allah ya saka." Na ce amin.

Tsohon ya ninke jaridarsa a hankali. Bai ɗaga murya ba, kuma hakan ya fi muni. Ya ce na zo na kankare abin da ya biya aka shafa, ya yi shiru. Na cika masa gida da warin kananzir har matarsa tana tari, ya yi shiru. Yanzu na kori mai saye, alhali kayansa rabi suna cikin kwalaye. Na ce tambayata aka yi. Ya ce ya sani, da kunnensa ya ji, kuma da na yi ƙarya da ya kore ni. Amma wannan bai sayar masa da mota ba.

"Yanzu ki faɗa mini, 'yata. Kina ɗauka ko ba ki ɗauka? Yau. Ba gobe ba."

Na ce saura ƙarfen baya ban gani ba. Ya ce ya gaji da abin da ban gani ba.

Na tsaya ina kallon baƙin guntun nan. Ni da na yi rantsuwa a gaban Kawu ba zan sayi abin da ban gani ba, ga shi an kawo ni bakin maganata. Kuma mota ɗaya Abba ya ce. Na yi lissafin abin da na sani: dogayen ƙarafan biyu na bi su da hannuna taƙi bayan taƙi, na san su fiye da yadda na san fuskar wasu dangina. Su ne mota. Na bayan, ko da ya ruɓe gaba ɗaya, guntu ne da ake cirewa a ƙera wani. Zai ci mini lokaci, zai ci mini fata, amma ba zai kashe ta ba.

"Na ɗauka, Baba," na ce. "Amma ramin nan ba zan saye shi a farashin ƙarfe ba. Iska ce a ciki."

A nan ne na fara ganin haƙoransa. Ya ce shi ma kwaltar da na zubar masa a ƙasa ba kyauta ya same ta ba. Muka ja, ya sauko kaɗan, na hau kaɗan, matarsa ta leƙo ta taga ta ce don Allah mu gama a fitar da abin nan ta samu ta shanya kaya. Ya miƙo mini makulli ɗaure da zaren da ya yi baƙi. Igiyar shanun ya ce in bar ta a ciki, za ta yi amfani.

Ta yi kuwa, don birki babu, da ita aka ƙara ɗaure jif ɗin a bayan motar da ta ja mu. Ni na zauna a sitiyari, hannu ɗaya a kan birkin hannu, muna tafiya kamar masu rakiyar mara lafiya. Yara suna ɗaga mini hannu, ina ɗaga musu.

Aka tura ta cikin rumfa, Yaya ma ya sa kafaɗa, yana cewa shi dai don a ce da shi aka yi jana'iza. Washegari da sassafe na shimfiɗa kwalina na jiƙa ƙarfen baya da kananzir. Ban ma kai ga buroshi ba. Kwaltar tana tashi tana tahowa da ƙarfen a jikinta, ɓaro-ɓaro, yana zubo mini a ƙirji kamar gasasshen biskit. Daga wannan gefe zuwa wancan babu inda zai riƙe ƙusa. Kwaltar ce kawai take riƙe da shi.

Ina cikin tattara ɓaraguzan a kwano na ga silifas ɗin Abba a bakin rumfa. Ya sunkuyo da ƙyar, ya dubi kwanon, ya dube ni.

"Gawa ce?" ya tambaya.

"A'a, Abba. Ƙashin bayanta lafiya. Wutsiyar ce sai an yi sabuwa."

Ya tambaya wa zai yi ta. Na ce ni zan zana, mai walda ya ɗinka, ina tsaye a kansa. Ya tambaya ko akwai abin da zai riƙe mini. Na miƙa masa bakin tef ɗin awo, na ce ya danne shi a jikin ƙarfen dama, kada ya motsa. Na ja ɗaya bakin zuwa hagu, na karanta, na rubuta a bangon rumfa da alli.